Asabar a gonar Dattijo

Abokina Likita ne ya tsinci azurfa yau, a fitar da muke yi gonaki da na'urar gano ƙarfe muna neman tsofaffin abubuwan da ke binne a ƙasa. Bari in riga shi faɗa, don na san kafin isha'i duk mai lambarsa ya ga hoton. Na taya shi murna, har zuciya kuwa. Abin da ya tsaya mini a rai wata magana ce da ya yaɓa mini a bakin ƙofar gona, yana dariya, wataƙila shi har ya manta ya faɗe ta.

Mun fita bayan asuba. Hazo tun daga Norwich, babban birnin gundumar Norfolk a Ingila, har ƙauyen, sanyin Oktoba ya fara cizon yatsu. Uwargida ta cika mana flas da shayi mai citta, ta ja kunnenmu kada mu dawo mata da laka a mota. Mun dawo da ita.

Gonar da Dattijo ya ba mu izini a wannan kakar ita ce ta bayan rumbunsa. An girbe sha'ir, an bi ta da garma sama-sama. In ka tsaya a bakinta ba abin da za ka gani sai fili shimfiɗe da wata tsohuwar bishiya guda a tsakiya, tana tsaye ba dalili. Ni kuwa na san dalilinta, don na kwana biyu ina bin gonar nan a takarda.

Masu tambayata inda nake samun taswirorin, ga shi na sake faɗa. Babban Ɗakin Karatu na Sikotland ya ɗora tsofaffin taswirorin Ordnance Survey, hukumar auna ƙasa ta Birtaniya, a intanet kyauta, har da na Ingila. Wadda na fi buɗewa ita ce mai inci shida ga mil ɗaya. Ta yankinmu an auna ta a shekarun 1880, aka sake bitarta a farkon shekarun 1900. Akwai wani ɗan abin ja a shafin: ka ja shi gefe guda tsohuwar taswira ta fito ɓaro-ɓaro, ka ja shi ɗaya gefen ta dusashe, hoton sama na yau ya bayyana a ƙarƙashinta, kowane lungu a kan ɗan'uwansa.

A takardar 1880 ɗin, wannan fili ɗaya gonaki uku ne, kowace da shingenta. Bayan yaƙin duniya na biyu ne manoman nan suka yi ta tumɓuke shingaye don manyan taraktoci su sami wurin juyawa, bishiyar nan kuwa ita kaɗai ta rage daga inda shinge biyu suka haɗu. Akwai layin ɗigo-ɗigo da aka rubuta wa F.P., wato turbar ƙafa, ya taso daga wajen coci ya yanka gonar a karkace. Inda ya kusa da bishiyar akwai 'yan gidaje biyu manne da juna, da harafin W a gefensu, rijiya ke nan. Layin tudu ya zagayo ta ƙasansu, alamar suna kan ɗan tozo sama da rafi, abin da ido ba ya kamawa a ƙasar da ta kwanta irin Norfolk. A kusurwar arewa kuma an nuna tsohon ramin da ake haƙar farar ƙasa ana watsa wa gona. Wannan na yi masa da'ira da jan biro don mu kauce masa, domin irin ramukan nan da tarkace ake cike su, waya da gwangwani da karyayyen garma, na'ura ta yi ta ihu a banza.

Lissafina kullum ɗaya ne. Kuɗi ba ya faɗuwa inda ba mutum, kuma ya fi faɗuwa inda mutum ya sunkuya ko ya ɗaga ƙafa. Bakin rijiya, wurin tsallake shinge, ƙofar gida, mahaɗar turba biyu. A gida in kana neman kufai kuka da fasassun tukwane ke nuna maka. Nan ma da muka isa inda na auna, ƙasa ta ba da shaida: gutsattsarin jan bulo, ɓawon kawa ta teku, guntayen farantin tangaran mai shuɗin zane, da karyayyun wuyan lofe na farar laka. Na nuna wa Likita ina jin kaina. Ya ce, "To, Malam, a yi mu gani."

Kafin mu kunna na'ura sai da ya karɓi wayata yana ja da yatsa. Idonsa ya faɗa kan wani rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe a gonar da ke tsallaken rafi.

"Wannan fa, me ya sa rubutunsa ya bambanta?"

Na ce masa haka masu auna ƙasa ke rubuta wuraren tarihi. Wancan tsohon gida ne na zamanin da, da aka kewaye da ramin ruwa.

"Shi ne muke nan muna bin gidan leburori?"

Na ce na farko, ba gonar Dattijo ba ce. Na biyu, na duba, wurin yana cikin jerin waɗanda gwamnati ta kare, kuma tun dokar 1979 laifi ne ka ɗora na'ura a kan irinsu ba da izini a rubuce ba, ko da mai gonar ya ce ka shiga. Na uku, duk mai waya a ƙasar nan ya ga rubutun nan kafin mu.

"Tambaya kawai na yi, Alƙali," in ji shi.

Muka fara. Na ɗauki bishiyar a matsayin ma'auni, na taka zuwa inda rijiyar ya kamata ta kasance, na soma bin layi a hankali, kowane shara yana hawa rabin na baya. Ƙasa ba ta ba ni kunya ba. Maɓallai na tagulla, wasu da madaukinsu. Guntun dalma. Rabin kwabo na Sarauniya Victoria da ya sha hannu har shekararsa ta goge, amma tunda na tagulla mai ƙarfi ne na san bai riga 1860 ba, don a shekarar aka fara buga irinsa. Sai wata 'yar hular ƙarfe da masu ɗinki ke sa wa yatsa, ƙarama ƙwarai, ko kan ƙaramin yatsana ba ta shiga. Na goge ta da babban yatsa, 'yan ramukanta suka fito a jere, gefe guda ya lotse.

Likita bai jima ba ya ce bayansa ya riƙe, zai je mota ya sha shayi. Ya tafi yana jan ƙafa, na'ura a kunne, yana lilo da ita yadda duk wani littafin koyo zai ce kada a yi. Dab da ƙofar gona, inda muka ajiye mota, na ga ya tsaya, ya durƙusa. Can sai na ji sunana.

Kwabo ne na azurfa, irin wanda ake bugawa da guduma, siriri, faɗinsa bai fi farcen babban yatsa ba. A fuska ɗaya sarki yana kallonka kai tsaye da kambi. A baya gicciye ya ratsa har baki, da 'yan ƙwallaye uku-uku a kowane kwata. Irin wannan zanen Sarkin Ingila Edward na ɗaya ya fito da shi a 1279, ɗansa da jikansa suka ci gaba da shi, shi ya sa raba su sai gwani. Gicciyen ma da dalili aka ja shi har baki, don a gane in wani ya yanke gefen azurfar. Shekara ɗari bakwai a ƙasa, ya fito kamar jiya aka yar.

A nan ne ya faɗi maganar. Yana riƙe da kwabon a tafin hannu, ya dube ni da takarduna da jan birona, ya ce, "Mutumina, kai fa tono bai dame ka ba. Taswira kake so. Da za a bar ka a gida da kwamfuta a riƙa kawo maka labari, da ka fi kowa jin daɗi."

Na yi dariya. Me zan ce?

Dattijo ya iso da karensa. Yarjejeniyarmu da shi rabi da rabi ce ga duk abin da ke da daraja, amma ya juya kwabon ya ce Likita ya riƙe. Na bayyana masa cewa kwabo ɗaya tilo irin wannan ba ya shiga dokar taska ta 1996. Da biyu ne na azurfa a wuri guda, masu shekara 300 ko fiye, dole a kai rahoto cikin kwana 14. Duk da haka za mu kai shi a yi masa rajista a shirin Portable Antiquities Scheme, mai rubuta kayan tarihin da jama'a suka tsinta, tare da ainihin inda ya fito. Na tambaye shi rijiyar. Ya ce mahaifinsa ne ya rufe ta, yana yaro ana hana shi zuwa wajen.

A mota Likita ya yi ta waya. Ni na yi tuƙi.

Tun da na dawo nake tauna maganar nan. Na yi wanka, na yi la'asar a makare, na buɗe kwamfuta don in ga ko akwai wani abu a bakin ƙofar gonar da idona ya tsallake. A taswirar 1880 ba komai, hanya ce da shinge. Na koma shafin taswirorin tarihi na gundumar Norfolk, na duba hoton sama na 1946 da sojojin sama suka ɗauka, na duba taswirar zakkar coci da aka zana bayan dokar 1836. Ba gida, ba turba. Sai da na koma har taswirar Norfolk da wani mai buga taswira, Faden, ya fitar a 1797 na ga wani abu. A lokacin akwai makiyayar gari a wajen, wadda daga baya aka yanka aka raba, kuma bakinta ya bi kusan inda hanyar take yanzu. Sananne ne a Norfolk cewa mutanen zamanin su Edward sun yi ta barin gindin coci suna komawa bakin irin waɗannan makiyayu. Ke nan inda Likita ya durƙusa ba wurin banza ba ne.

Na ji daɗi na ɗan lokaci, sannan ya ragu. Taswirar Faden inci ɗaya ce ga mil ɗaya, kaurin layin alƙalami kaɗai ya cinye taku da yawa, kuma ba ta hawa kan hoton yau daidai yadda ta Ordnance Survey ke yi. Ban da haka, kwabo yakan isa gona ta cikin taki da sharar gida da ake kwasowa a watsa. Yana iya zama bakin makiyaya ne, yana iya zama keken taki ne. Ita kuma takardar 1880 da nake taƙama da ita, tsakaninta da kwabon shekara ɗari shida ne. Abin da take iya nunawa shi ne inda mutanen zamanin Victoria suka zauna, sai kuma abin da ya daɗe ya iske su, coci da turba da iyakar gona.

Ina cikin haka Uwargida ta leƙo. "Abban Auta, tuwo ya huce." Na ce ina zuwa, na gano inda kwabon Likita ya fito. Ta dubi allon, ta dube ni. "To ba abin da ya faɗa ke nan ba?"

Da na sani ban ba ta labarin ba.

Ni dai ban yarda ba, ko kuma ban yarda da yadda ya faɗe ta ba. Ya yi maganar kamar taswira wani lalaci ne, wurin ɓuyan wanda ba ya son laka, alhali gwiwoyina sun fi nasa jiƙewa yau. Kwabonsa yana da fuskar sarki amma ba wanda zai taɓa sanin aljihun da ya faɗo daga ciki. Hular yatsan nan tawa ba ta kai kuɗin kofin shayi ba, amma na san gidan da ta fito, na san taku nawa ne daga ƙofarsu zuwa rijiya, na san turbar da ake bi zuwa coci. In na buɗe ƙidayar jama'a ta 1881 ina iya samun sunayen waɗanda ke gidajen nan biyu, da shekarun 'ya'yansu mata. Wani ma'aikaci ya tsaya cikin sanyi da sarƙar awo ya rubuta rijiyar talaka a takardar gwamnati, kuma yau ko bulo ɗaya ba ya kan ɗan'uwansa a wurin. Ina jan abin nan hagu da dama, gidajen suna fitowa suna ɓacewa, sai na ji wani nauyi ya sauko mini wanda ba ruwansa da Likita. Na rufe kwamfutar na je na ci tuwon da sanyinsa.

Auta ta ƙwace hular yatsan, ta shiga yatsanta cif. Na ce aro ne.

Mota har yanzu ba a wanke ba.

Bayan isha'i na tura wa Likita hoton taswirar 1797, na zagaye bakin makiyayar da ja. Ya amsa da fuskar dariya da "Allah ya ƙara basira, Malam." Dattijo ya ce nan da mako mai zuwa zai shuka alkama, ke nan Asabar mai zuwa ce ta ƙarshe a wannan gonar sai baɗi. Zan bi bakin hanyar tun daga ƙofa har kwanar rafi, layi-layi. Likita ya ce yana da aikin kwana ranar, amma in na ga zan tsinci wani abu in kira shi ya zo ya sha shayi.