Tarihin Rayuwar Tseren A-kori-kura Na Eldora: Kashi Na Uku

A makon jiya mun tsaya a daren 24 ga Yuli, 2013, ranar da Austin Dillon ya lashe karon farko na tseren motocin a-kori-kura a filin Eldora da ke jihar Ohio ta Amurka. Rabon NASCAR, hukumar shirya tseren motoci a Amurka, da ta kai ɗaya daga cikin manyan gasanninta kan turɓaya tun 1970. Yau za mu duba yadda aka sa motar da aka ƙera don kwalta ta yi gudu a kan yumɓu.

Filin zagayayye ne kamar ƙwai, tsawonsa rabin mil, kwanoninsa a karkace. Zagaye 150 ake yi, mil 75 ke nan, kuma a shekarar farko an raba su uku: 60, 50, 40. Kafin nan sai an yi gajerun tsere biyar na share fage, da wani guda na dama ta ƙarshe, inda Norm Benning ya yi ta gugar katanga har ya samu gurbi.

Makanikai sukan cire farantin da ke ƙasan bamba ta gaba, domin yana iya caka ƙasa. Tayoyin sulɓi na kwalta ma ajiye su ake yi, a ɗaura na Goodyear masu zane. Ana sa raga a gaban lagireto, amma duk da haka laka kan toshe ta, iska ta daina shiga, inji ya ɗau zafi.

Babban aikin yana wajen karanta ƙasa. Da yamma an shayar da fili, yumɓu na da danshi, taya tana kamawa. Dare na yi sai tsakiyar hanya ta bushe, ta yi baƙi, ta yi santsi. Ƙasar da tayoyi suka watsa kuwa tana taruwa a gindin katangar sama ta zama tudu mai laushi. Gwanaye sukan jingina tayar baya ta dama a jikin tudun, su saki bayan mota ya zame, su riƙe ta da totur. Motar ta haura kilo 1,500, ba ta juyuwa da sauri, don haka kuskure kaɗan sai katanga. Haka Kyle Larson ya yi ta dukanta a 2014 har motarsa ta gaza, Bubba Wallace ya ci. Larson bai samu nasa kofin ba sai 2016.

Sau bakwai aka yi tseren, direbobi bakwai daban-daban suka ci, Stewart Friesen ne na ƙarshe a 2019. Annobar korona ta hana na 2020. A 2021 NASCAR ta kai a-kori-kurar filayen Bristol da Knoxville, Eldora kuma ba ta sake shiga jadawali ba. A ganinmu an yi asara, domin Eldora tun 1954 filin turɓaya ne, Bristol kuwa ƙasa aka jibga a kan kankare.

Mako mai zuwa za mu ɗora daga yadda Tony Stewart, mai filin, ya raba gari da wannan tsere.