Wata biyar muna jiran kalma biyu

Lokacin da ɗana ya cika shekara 2 da rabi, ba ya furta komai sai "Mama" da "a'a", alhali galibin yara kan fara haɗa kalmomi biyu tun suna shekara 2. Kakarsa ta ce linzami ne, a kira wanzami ya yanke, maƙwabtanmu a Tudun Wada kuma suka ce dama ɗa namiji yakan yi nauyin baki. Ban raina maganarsu ba, amma hankalina bai kwanta ba, shi ya sa muka tafi asibitin koyarwa da ke Shika, inda aka fara da gwajin ji, domin yaron da ba ya jin sauti sosai ba zai iya kwaikwayonsa ba. Alhamdu lillahi, kunnuwansa lafiya lau.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, malamar da ke koyar da magana ni ta fi koya wa, ba shi ba. Ta ce in riƙa durƙusawa har fuskata ta yi daidai da tasa, in nuna masa abu biyu ya zaɓa, sannan in yi shiru in jira, maimakon in miƙa masa kofi da zarar ya nuna da yatsa. Wannan shirun ya fi komai yi mini wuya, domin uwa ba ta iya kallon ɗanta yana nema ta ƙyale. Mun kuma rage ba shi waya.

Jiya da yamma, ina tankaɗen gari, ya ja zanena ya ce, "Mama, ruwa."