Sau nawa za ka riƙa zuwa?

Talata, 14 ga Janairu, 2025. Yamai.

Yatsuna duk sun tsattsage da wankin gilashin tagogi, ga ruwan sanyi ga omo, sai da na shafa man kaɗe kafin in iya riƙe wayar nan in yi rubutu.

Hazo ya sauko tun daren jiya. Da muka fito daga sallar asuba a Bukoki, fitilun bakin hanya kamar an lulluɓe su da tsohon zane. Sanusi, ɗan yayata da ya zo daga ƙauyenmu na wajen Keita wata biyu da suka wuce, ya ɗaga kai ya ce, "Kawu, yau kam wahalar banza za mu yi, muna wankewa ƙura na maidawa." Na ce masa ya ɗaure tsani a moto ya rufe mini baki. Da ƙura ba ta maidawa, da yanzu ni da shi muna gida a gindin bango muna jiran damina.

Farmasin unguwar Filato muka fara, kamar kowace Talata, Alhamis da Asabar. Dole mu gama kafin rana ta hau gilashin, don in ya yi zafi kumfa na bushewa tun kafin raklet, robar nan da muke jan ruwa da ita, ta kai ƙasa, sai ka bar wa mutane zane-zane da ya fi ƙurar muni. Minti ashirin ya ishe mu. Gilashin da ake bi sau uku a mako ba ya gardama: a kaɗe shi da busasshen tsintsiya mai laushi, a shafa ruwan sabulu, a ja, a goge gefe, shi ke nan. Dakta mai farmasin ba ta taɓa ja da ni kan kuɗi ba, jikka goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar, duk ƙarshen wata, ko ina Yamai ko na tura yaro. Ita ce ma ta taɓa gaya mini cewa yawancin ƙurar nan daga wani kwari ne a arewacin Cadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, iska ke kwaso ta. Tun ran nan in na matse tsumma na ga jan ruwa sai in ce wa Sanusi ga ƙasar Cadi nan mun wanke.

Mai shagon wayoyi da ke kusa ya tare ni, wai yana son kullum, amma dala ashirin zai riƙa ba ni duk zuwa. Sefa 100. Na ce masa in ina kan layin zan leƙo, ranar da ba ni nan kuwa ba zan ƙona mai daga Bukoki ba saboda dala ashirin. Litar mai a 2024 ta koma sefa 499, dala ɗari babu tamma ɗaya, amma ai ba kyauta ba ce. Abin da masu kira ba sa gani ke nan. Ni ba gida ɗaya nake lissafi ba, layi nake lissafi: Talata Filato da Kwara Kano, Laraba in haye gadar Kennedy in yi Harobanda, Alhamis in dawo. Wanda ya ce lallai sai ranar da ta yi masa daɗi, to ya biya kuɗin karkatar da hanyata.

Wajen ƙarfe tara muka isa ofishin da nake bi duk mako tun shekara uku. Mai gadi ya ce mini "fonda goy", na amsa da ɗan Zabarmancin da nake da shi, ya ce kontabul, mai lissafin kuɗin ofishin, na son ganina kafin in taɓa ruwa. Nan na san akwai magana.

Yaro ne mai ladabi, ba zai wuce sa'ar ƙanena ba. Ya ce, "Malam Habu, ka yi haƙuri, an rage mana kasafi bana. Maimakon duk mako, ka riƙa zuwa sau ɗaya a wata. Jikka ashirin ta koma biyar." Ya riga ya buga a kwamfuta ma, ashirin a raba huɗu.

Ban yi masa musu a zaune ba. Na ce ya taso mu zaga ginin. A gaba, inda gilashin ƙofa da manyan tagogi huɗu ke kallon gabas da jar hanyar da motoci ke tada ƙura, na ce ya sa yatsa ya ja. Ya ja, ya dubi yatsan. Kwana bakwai ke nan kacal. Muka koma baya, wajen da katanga da itacen dogon yaro suka tare iska, na ce ya sake ja. Kusan babu komai. Na ce, "To ka gani. Gini ɗaya ne, amma ba ƙura ɗaya suke sha ba. In na bar gaban nan wata guda a cikin hunturu, ranar da baƙonku ya zo ba zai ce kasafi aka rage ba, cewa zai yi mai wanke gilashinku ba ya aiki, kuma sunana ne a bakin masu gadin layin nan duka."

Na ba shi tawa shawarar: gaba duk mako kamar da, baya da saman bene sau ɗaya a wata, tunda dama hawa tsani ne ke cinye rabin lokacin. Jikka goma sha uku. Ya ce goma sha biyu. Na ce Allah ya sa albarka. In damina ta zo mu sake zama, ko da yake na gaya masa kada ya sa rai da yawa, don guguwar da ke gaban hadari a watan Yuni tana watsa ƙasa, sai yayyafi ya biyo ya mayar da ita laka a jikin gilashi. Lokacin da gilashin Yamai ke ɗan hutawa da gaske shi ne tsakiyar damina, in ƙasa ta jiƙe sosai ta kwanta.

Na rasa jikka takwas a wata, amma ban rasa ofishin ba. A kan moto Sanusi ya ce, "Kawu, don mi ba ka ƙi ba?" Ban amsa ba, iska na cika mini baki da ƙasa.

A Abijan na koyi aikin nan, kamar yadda rabin samarin yankinmu na Adar suka koyi abin da suke ci da shi a can. Can gilashi na iya yin wata guda bai kunyata ka ba. Da na dawo Yamai, lokacin da ake ta gine-gine don taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, na ga otal-otal masu gilashi daga sama har ƙasa irin su Radisson Blu, na ce arziki ya zo. Ashe irin waɗannan kamfanoni ke ɗaukar aikinsu da takarda da hatimi. Mu namu shi ne abin da ya biyo baya: kowane mai shago da mai sabon gida ya ce shi ma sai gilashi mai aluminiyom, ba tare da ya tambayi wa zai riƙa goge shi ba.

Aikin da ya cinye mini yini shi ne gidan Hajiya a Kwara Kano.

Na san gidan kamar tafin hannuna. Da wasu Turawa ne na wata ƙungiya ke haya, ina zuwa musu duk mako biyu, jikka biyar kowane zuwa. Bayan juyin mulkin 2023 suka tattara suka tafi, kamar da yawa daga cikin masu ba ni aiki a unguwar, sai masu gidan suka dawo ciki. Rabona da shi tun ƙarshen damina. Shekaranjiya ta kira ni ta ce in zo, na ce to, ban yanke kuɗi ba, ban kuma ce sai na gani ba. Laifina ne wannan, kuma ba yau na fara ba.

Taga ashirin da biyu. Rabinsu nako ne, irin mai falle-fallen gilashi da ake buɗewa da ɗan hannu, kowace falle sai an bi ta ciki da waje, ga ƙarafan tsaro a gaba da hannu ba ya shiga sai a karkace, ga raga ta sauro da ta toshe da ƙura har ta zama kamar bargo. Masu zamewa kuwa, kwatarsu ta ƙasa ta cika da ƙasa da matattun ƙwari ta daskare. Tagogin ɓangaren lambu sun fi ba ni tsoro: mai ban ruwa yana fesa tiyo yana samun gilashin, rana na busarwa, wata huɗu ana haka, sai farin tabo ya kama kamar kyasbi. Wannan omo ba ya fitar da shi. Sai an jiƙa tsumma da binegar an manna, a jira, a cuɗa, a sake.

Hajiya ta fito da carbinta, muka gaisa, ta tambayi mutanen gida. Ta ce, "Malam, ni ba irin Turawan nan ba ce da ke kiranka kamar likita. Sau ɗaya a wata uku ya ishe ni. Jikka biyar ɗin da suke ba ka, ni ma ita zan ba ka. Ka ga na ma rage maka zirga-zirga."

Na ce, "Ranki ya daɗe, kan da aka bari wata uku ba a tsefe ba, mai kitso tana karɓar kuɗin wanda ake gyarawa duk Juma'a?"

Ta yi dariya har sai da ta dafa ƙofa. Ta ce, "Kai Ba'adare, bakinka ya fi tsaninka tsawo." Amma dariya ba ta sa ta ƙara ba nan take. Na ce goma sha biyar, ta ce bakwai, ta kawo zancen tsadar shinkafa, na kawo zancen robar raklet da ta yi tsada tun da aka rufe iyakar Benin kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Duk gaskiya muke faɗa, ni da ita. Muka tsaya a goma, da abincin rana.

Ba na ganin laifinta sosai. Wanda bai taɓa riƙe tsumma ba gani yake zuwa ake saya, zuwa ɗaya kuɗi ɗaya. Ni kuwa abin da nake sayarwa lokaci ne da ƙarfin kafaɗa, kuma datti ne ke yanke su. Gidan nan da, awa ɗaya da rabi nake yi. Yau daga sha ɗaya sai la'asar.

A taga ta tara abin ya faru. Maƙallan nako in aka daɗe ba a motsa su ba sukan cije da tsatsa da ƙasa. Na gaya wa Sanusi tun a farko ya ɗiga musu ruwa ya jira, kada ya tilasta. Ina saman tsani sai na ji ƙas, sannan shiru. Na sauko na tarar da shi tsaye, rabin falle a hannu, rabi a ƙasa, jini na ɗiga daga babban yatsansa kan tayil ɗin Hajiya yana ƙoƙarin takewa da silifa kada a gani. Bai ce uffan ba, idonsa ya ciko. Ba yankan ke damunsa ba, kuɗin gilashin ne, ya san daga ina za su fito. Na wanke masa yatsan a famfo, ƴar aikin gidan ta kawo auduga da filasta. Na je na gaya wa Hajiya da bakina kafin wani ya riga ni. Ta zo ta duba yaron kafin ta duba tagar, wannan kam na yaba mata. Ta ce a bar shi. Na ce a'a, gobe zan kawo sabuwa, don in na bari yau, duk tsagar da aka gani a gidan nan nan da shekara tawa ce.

Muna cin shinkafa da wake a inuwar garejin ne ƴar aikin ta fasa ƙwai: bikin ƴar Hajiya za a yi farkon watan gobe, kafin azumi ya kama a farkon Maris. Ashe shi ya sa aka tuna da ni. Irin su suna da yawa a wayata, masu kira sai ana jibi Sallah ko suna ko biki, duk a mako ɗaya, kowa na cewa gobe da sassafe. Nakan je in da hali, amma ba na ɗaga ranar farmasi ko ofishi saboda su, ko da sun ninka kuɗin. Farmasin da ofishin ne ke biya mini hayar ɗaki a watan da babu biki.

Da muka gama, Hajiya ta tsaya a falo tana kallon lambunta ta gilashin da aka fitar wa tabo, ta ce ashe haka furannin nan suke. Na ga dama ta samu, na ce, "Hajiya, in kin yarda in riƙa zuwa sau ɗaya a wata, jikka shida. Ba zai ƙara kai wa haka ba, kuma a ce wa mai ban ruwa ya juya tiyonsa." Ta lissafa da yatsu, ta ce wata uku sha takwas ke nan, alhali yau goma ta biya. Na ce yau na yi kuskure ne, ba zan sake ba. Ta ce za ta yi shawara da Alhaji. Ta dai ce in dawo ana jibi biki in sake bin na falo da na ƙofar shiga, wannan kuma daban za a biya.

Na rubuta sunanta a littafina da fensir, ba da biro ba.

Mun dawo ana kiran magariba. Sanusi ya wanke tsummoki da hannu ɗaya, ya ƙi yarda in karɓa. Gutsuren gilashin nan biyu na naɗe su a takarda na sa a jaka, don in na je kasuwar Katako da safe mai yankan gilashi ya auna tsawo da kauri daidai, sannan mu haye Harobanda. Hazon bai ɗaga ba.