Darasin da wayoyin ɗalibaina suka koya mini

Maganar shigar da fasaha cikin karatun jami'a kowa yinta yake yanzu, ni kuwa abin da na gane a aikin koyar da jogarafi nan Damagaram shi ne kafin ka zaɓi manhaja ko dandali, ka fara duba wayar ɗalibin da ya fi kowa rashin hali a ajinka. In abin bai buɗuwa cikinta to ka raba ajin gida biyu ke nan, masu bi da ƴan kallo.

Tun korona na fara lura. Da aka rufe makarantu a Maris 2020 sai aka yi ta cewa a koma Zoom, alhali awa guda ta bidiyo ɗaruruwan mega take lashewa, kuma yaron da ya koma gida can wajen Tanout ko ƙauyukan Magaria wani lokaci sai ya hau tudu yake samun rezo, balle a ce ya sayi forfe kullum. Abin da ya yi aiki shi ne wanda ake rainawa, gurup na WhatsApp, muryata minti biyar ko shida da PDF mara nauyi, wanda ya samu ya tura ma na kusa da shi ta Bluetooth ko Xender ba ko dala. A 2023 kuma da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, projekta ta zama kayan ado, muka koma allo da alli kuma karatu bai tsaya ba.

Amma fa kar a ce ina gudun na'ura, akwai abin da allo ba zai taɓa yi ba. Kowa ya san wahalar ruwa a garin nan, gari ne da ke zaune kan dutse, ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi irin su Aroungouza da Ganaram. Na sha bayanin wannan a aji suna rubutawa kamar labarin wata ƙasa, sai na sa suka zuba KoboCollect a waya, manhaja ce ta tattara bayanai a fili, tana aiki ko babu intanet, na raba su unguwa-unguwa, Birni, Zango, Garin Malam, Kara-Kara, kowane famfo su ɗauki wurinsa da GPS, su tambayi kuɗin jarka, su rubuta ƙarfe nawa ruwa ke zuwa in yana zuwa. Da suka dawo muka zuba komai cikin QGIS, manhajar zana taswira, a ordinatar guda, mutum biyar kan allo ɗaya, wani na riƙe da linzami sauran na nuni da yatsa. Taswirar na fitowa wata ɗaliba da ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryarta ta ce "Malam, to ai inda famfo ya fi ƙaranci nan jarka ta fi tsada, kuma nan ne marasa ƙarfi suke". Wallahi ban gaya mata ba, ita ta gani da idonta, daga nan gardama ta ɓarke har lokaci ya ƙare ba wanda ya tashi.

Sai kuma ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya ta kuma yi ma mutum rubutu, da ya fito ƙarshen 2022. Yanzu za a kawo maka ekspoze, wato aikin da ɗalibi ke rubutowa ya gabatar a aji, da Faransanci mai santsi, ka tambayi mai shi ma'anar sakin layi na biyu ya yi tsuru-tsuru. Hanawa ba ta da amfani, ba ka iya tsare waya a aljihun mutum. Ni dai nakan ce su tambaye shi game da unguwarsu su kawo amsar aji mu bi ta layi-layi, ina ya faɗi daidai, ina ya ƙirƙiro, don a kan garuruwanmu yakan yi kuskure kuma da cikakken ƙarfin hali yake yinsa. Maki kuwa mafi yawa na mayar da shi kan bayanin baki, ka tsaya gabanmu ka kare abin da ka rubuta, in Faransancin ya cije ka fara da Hausa ba laifi.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne waɗanda ba su da waya mai intanet ko kaɗan, kuma kunya ke hana su faɗa. Shi ya sa farkon shekara nake zagayar da ƴar takarda ba suna, kowa ya rubuta irin wayarsa da inda yake caji, da ita nake tsara gurup-gurup na aikin fili yadda kowanne zai samu waya guda mai GPS.