Kwamfutata na ganin waifai ɗin maƙwabta, ban da nawa

Sana'ata buga wa ɗalibai furojet, ina zaune a Kabuga cikin Kano, kuma kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce, ta hannu na saya shekaru shida da suka wuce. Ba ni da rauta a gida, hotsifot ɗin waya nake kunnawa in tura aiki. Haka muke lallaɓawa lafiya lau har ranar da na canza waya.

Daren wata Laraba ne, wata ɗaliba tana jiran babi na huɗu kafin safiya. Na kunna hotsifot a sabuwar wayar, na danna alamar waifai a ƙasan allo, sunaye suka fito reras: na mai kemis ɗin bakin layi, na gidan da ke bayanmu, har da wani da ya raɗa wa nasa "Sayi Naka". Nawa kuwa babu shi babu alamarsa.

Na bi duk abin da na sani. Na duba ko yanayin jirgin sama a kunne yake, a kashe yake. Na duba maɓallin waifai na jerin sama, wanda yara kan danne ba da sani ba, fitilarsa na ci. Na kashe kwamfuta na kunna har sau uku. Na shiga Device Manager na buɗe Network adapters, ina neman alamar nan mai ruwan ɗorawa da kan nuna direban katin waifai, wato manhajar da ke sa katin aiki, ya samu matsala, ba ta nan. Daga ƙarshe na yi Network reset, wanda ya share duk kalmomin sirrin da kwamfutar ta adana, ya bar ni da sabon aiki. Ban ba kowa shawarar ya fara da wannan ba. Babin dai ta igiyar caji na tura shi: na haɗa waya da kwamfuta na kunna USB tethering, intanet ya zo nan take.

Da safe na tari adaidaita zuwa wani shagon gyaran kwamfuta a Beirut Road, na riga na yanke cewa kati ne ya mutu, har na ware kuɗin sabo. Yaron da na samu a shagon bai ko ɗauko sukudireba ba. Ya dubi allo, ya dube ni.

"Malam, katin da ya mutu ai ba ya ganin kowa. Wannan ga shi yana ganin duk layin nan. Ba ni wayar."

Ya shiga saitin hotsifot, ya taɓa wuri ɗaya, sai ga sunana ya bayyana a kwamfuta. Ko minti biyu bai yi ba. Kunya ta kama ni, na ce to sai ya faɗa min abin da ya yi.

Ashe waifai hanya biyu ya fi bi, ta gigahaz 2.4 da ta gigahaz 5. Ta 5 ta fi sauri kuma ba cunkoso, amma ba ta nisa, bango na rage mata ƙarfi. Ta 2.4 ta fi ratsa gini, ita ce kuma kusan kowace na'ura ke ji. Sabuwar wayata a kan 5 take watsawa, katin kwamfutata kuwa 2.4 kaɗai ya sani. Kamar ka riƙe rediyo mai FM zalla kana laluben tashar gajeren zango, ko ka kwana kana murɗawa ba za ta fito ba. A Android wurin zaɓin yana cikin saitin hotsifot ɗin, inda aka rubuta band. A iPhone 12 zuwa sama kuma Maximize Compatibility ake kunnawa, ita ke mayar da shi 2.4.

Ya kuma nuna min yadda ake tambayar kwamfutar da kanta. A Command Prompt, wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta netsh wlan show drivers, ya sa yatsa a layin Radio types supported. Tawa ta nuna 802.11b da g da n kawai. Ya ce da akwai a ko ac a jerin, da tana jin 5. In ina son saurin, akwai ɗan ƙaramin adafta da ake soka wa a ramin USB, amma ga mai tura takardu irina bai ga amfaninsa ba. Mai shago ya hana kansa ciniki, abin da ban saba gani ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne amsar tana gabana tun daren. Da kwamfutar ba ta ganin kowa, sai a zargi maɓalli ko direba ko kati. Da tana ganin nawa ta ƙi shiga, sai in sa ta manta da shi in sake rubuta kalmar sirri. Amma tana ganin kowa ban da ni, ni kuma na yi ta tono a cikinta har ƙarfe ɗaya na dare, wayar na gefe ko kallonta ban yi ba.

Na miƙa masa kuɗi ya ce haba Malam, ai ba aikin da ya yi. Da ƙyar ya yarda na saya masa kunun aya mai sanyi a wurin yarinyar da ke wucewa.