Yaron da muka ɗauka wasa ya yi masa yawa

Ɗan yayata yana aji uku a firamaren ƙauyenmu, nan gefen Ringim. Aike shi sayen gero, zai lissafa canji kafin mai awo ya buɗe baki. Tatsuniya kuwa, ji ɗaya ya haddace. Amma a miƙa masa littafi, sai gumi. "Baki" ya ce "daki", ɓ da ɗ kuwa ba a magana. Ni kaina na taɓa tsula masa bulala, Allah Ya yafe mini.

Wata malama ce ta gaya mini sunan abin: disleksiya. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya raɗa sunan a shekarun 1880, amma bincike ya nuna matsalar ba ta ido ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba. Wahalar tana wajen rarrabe sautukan kalma da haɗa su da haruffa. Takan bi jini ma.

Yanzu bayan la'asar mukan zauna gindin darbejiya, yana zana harafi a ƙasa da yatsa yana furtawa: ba, bi, bu. Da Hausa muka fara, don rubutunta ya fi na Turanci bin furuci. Jiya ya karanta "taki" a jikin buhu, shi kaɗai.