Taswirar da ta sa na sha kunya a Moroni

Jibi zan miƙa makullin ofis, bayan shekara uku ina aikin haɗa kan masunta na tsibiran Tekun Indiya. Faransancin da na taso da shi a Maraɗi ne ya kawo ni nan, amma bai hana ni yin kuskuren da har yau yake ci mini rai ba.

A watannina na farko aka ce in shirya takardun wani taro a Moroni, babban birnin ƙasar Komoros. Na ɗauko taswira daga intanet, wadda ta shafa wa tsibirin Mayotte launi ɗaya da Faransa. Na nuna wa maigidana, ya duba, ya sa hannu. Ana haska ta a bango sai wani dattijo daga Anjuwan, ɗaya daga tsibiran Komoros, ya miƙe, ya nuna tutar ƙasarsu da ke kan tebur, ya ce, "Ɗana, ƙirga taurarin nan." Huɗu ne, kowane tsibiri da tauraronsa, har da Mayotte. Ya tattara takardunsa ya fita, mutanensa suka bi bayansa.

Ashe Komoros ba ta taɓa haƙura da Mayotte ba, tun da tsibirin ya zaɓi zama da Faransa a ƙuri'ar 1974. Ko a Hukumar Tekun Indiya, ƙungiyar ƙasashen yankin, Faransa tana zaune ne da sunan tsibirinta na Reyuniyon, ba Mayotte ba, tare da Madagaska, Morishus, Sishel da Komoros. A wasannin tsibirai na 2015 ma 'yan Komoros sun janye saboda 'yan wasan Mayotte sun fito da tutar Faransa. Tsakanin Anjuwan da Mayotte kuwa kilomita 70 ne kacal, kuma tun da Faransa ta ƙaƙaba bizar shiga Mayotte a 1995 mutane ke nutsewa a ƙananan jiragen da ake kira kwasa-kwasa. Wataƙila dattijon nan yana da nasa a cikinsu.

Maigidana ya rubuta wa hedkwata cewa ni kaɗai na yi, bai gani ba. Na yi shiru. Shirun nan ya fi kuskuren yi mini ciwo.

Daga ranar ba na sakin takarda sai ɗan ƙasa ya karanta, kuma ina ajiye kwafin duk abin da aka sa wa hannu. Na kuma gane masu ba da tallafi sauyin yanayi suke son ji, su kuwa masunta ƙanƙarar adana kifi da jirgin jigila tsakanin tsibirai ke gabansu.

Bara dattijon ya dawo taronmu. Da aka tashi, shi ya ja ni sahu muka yi La'asar tare.